Malam Safiyanu da Albasar da Ba Ta Ruɓe Ba

A Kashin Zama kowa manomin albasa ne, amma ba kowa ake aika wa ya zo ya duba rudu ba. Malam Safiyanu ake aika wa. Rudu shi ne rumfar karan da ake shimfiɗa albasa a kai bayan an ciro ta daga garka, a yi mata jinka, ta zauna tana shan iska har kasuwa ta yi kyau. Malam yakan tsaya a bakin rudun mutum, ya ture hula baya, ya ja numfashi sau biyu, ya ce, "Akwai guda ukku can kusurwar gabas." A tona a same su. Wata rana huɗu ake samu, sai ya ce ai ta huɗun bayan ya yi magana ta ruɓe.

Wannan hancin gado ne. Mahaifinsa, marigayi Malam Alu, shi ya koya masa, kuma koyarwar ba ta zo da daɗi ba. Yana ɗan shekara tara aka yanka masa fangali guda, ɗan yankin garka, aka ce nasa ne. A cikinsa ya samu wata albasa mai girman kan jariri, ya wanke ta da idanu, ya kai ta tsakiyar rudu ya ɓoye. Kullum sai ya je ya leƙa ta. Da damina ta yi nisa sai wuyanta ya fara laushi. Malam Alu bai taɓa ta ba, kiran yaron ya yi ya ce ya ɗauke ta da hannunsa.

"Ruɓaɓɓiya ba ta da girma," in ji shi. "In ka ji ƙan guda, ka kashe ɗari. Kuma ba a aje ta bakin rudu. Bayan gari za ka kai ta."

Safiyanu ya tafi yana kuka, ya dawo hannu wayam. Tun ranar bai ƙara yin jinkiri a kan ruɓaɓɓiyar albasa ba. Akwai wata magana ta biyu da uban yake yawan faɗi, cewa iri ba ya kwana tukunya guda, a raba shi ɗakuna, a ba ɗan'uwa ajiya. Ita ma ya haddace ta, sai dai ba ta sa shi kuka ba, don haka ba ta shiga jikinsa kamar ta farkon ba.

An sa shi boko, ya yi makarantar horon malamai, ya koyar shekara talatin da biyar. Ya fara a Danwarai da keke, ya yi Maiyama da wani tsohon babur da sai an tura, ya ƙare a Jega. Duk inda aka kai shi, ranar Asabar yana garkarsa da wando naɗe zuwa gwiwa. Jan biro ba ya barin aljihunsa har yau. In ka kai masa katin biki, zai yi maka Allah sanya alheri, sannan ya gyara maka kwanan wata. Yara sun ji tsoronsa ba don bulala ba, don in ya kama ka da ƙarya sai ya yi shiru yana kallonka har ka gaji ka tona kanka.

Shi ne ɗan fari a wajen Inna Gudiya, kuma Inna Gudiya mutuniyar dā ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana ƙarami "kai" take ce masa, ya girma ya zama "wancan", da ya fara aiki ya koma "Mai Alli". Akwai ɗan maƙwabta da aka sa wa Safiyanu, shi ma bai tsira ba, "mai sunan wancan" take kiransa har ya yi gemu. In Malam ya kwanta ciwo ba ta shiga ɗakin, sai ta zauna a tsakar gida tana faɗa da kaji, tana aika matarsa Ummusalma da kunu sau biyar a wuni. Kowa ya san son da take masa ya fi na sauran, kowa kuma ya san ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Shi ma bai taɓa jin abin ya dame shi ba. Haka ya taso ya tarar.

Da ya ajiye aiki, 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa kwamfuta ta ɗora wa cinya, don ya daina cika gida da littattafan rubutu. Ya daɗe yana cewa zai rubuta tarihin zuriyarsu, daga kakan da ya fara haƙa rijiya a fadamar har zuwa jikokin da ke tsalle a kan buhunansa. Ya koyi bugawa da yatsa biyu, a hankali kamar mai dashe. Ya bi dangi gida-gida yana ɗaukar tsofaffin hotuna a waya. Wata rana da yamma kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, ya ajiye waya a gabanta tana ɗaukar murya, ya ce ta faɗi abin da ta sani.

Ta yi magana kusan minti arba'in. Ta faɗi yadda aka kawo ta daga Danwarai a kan jaki, da shekarar da fara ta cinye gero, da sunayen matan da suka yi daka tare da ita waɗanda duk ƙasa ta rufe. Da aka zo kan 'ya'yanta sai ta fara daga na biyu.

"Inna, kin tsallake guda."

"Ban tsallake ba. Ga shi nan zaune yana damuna."

"Tarihi bai san 'ga shi nan' ba, Inna. Jikokin jikokinki za su ji wanga abu. In sunka ce wa an na fari, mi za a ce masu?"

Ta yi dariya, ta ja mayafi ta rufe baki. Ta yi shiru har ya zaci ta ƙi. Sannan, tana kallon katanga, a hankali, kamar mai sauke tulu daga ka, ta ce, "Safiyanu." Ta ƙara da cewa, "To, ka ji. Kashe abin nan."

Yana da shekara sittin da ɗaya ranar. Bayan wata biyar Allah ya yi mata rasuwa.

Ya juye muryar a kwamfuta ya sa mata suna Inna. Wayar da aka yi ɗaukar da ita ba ta daɗe ba, ta sulluɓe daga aljihunsa ta faɗa rijiyar garka yana gyaran injin ban ruwa. Saura kwamfuta kaɗai. Ya sa aka ɗinka mata riga, ya hana kowa taɓa ta. Duk Juma'a in ya dawo masallaci sai ya shiga ɗaki ya tura ƙofa, ba ya fitowa sai bayan minti arba'in, idonsa ja, ya ce albasa ce. Taubashinsa Maccido, dillalin hatsi a Maiyama, ɗan ƙanin Inna ne, ya roƙe shi ya fi sau goma ya tura masa muryar gwaggonsa.

"Sai littafi ya ƙare," in ji Malam.

"Littafin da ka fara tun ina da haƙora? Malam Albasa, ko Inna ma rudu ka sa ta kana jiran ta yi tsada?"

Malam ya yi murmushi kawai. Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce, minti talatin da tara na kowa ne, amma na ƙarshen nasa ne, kuma yana jin kunyar wani ya ji.

Ranar wata Talata cikin damina, da hantsi, ruwa ya ɗauke, ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa yana neman tsohuwar taswirar da za ta nuna ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Maiyama. Ya shiga nan ya fita can. Kwatsam sai fuskar kwamfutar ta yi ja wur, ta ɗauki kuka irin na motar asibiti. Ga hoton garkuwa a tsakiya, ga rubutu da manyan baƙaƙe: cuta ta shiga na'urarka, danna nan a duba maka kyauta.

Da bai iya Turanci ba, da ya tsira. Da ya rufe abin ya nemi wanda ya sani. Amma ya karanta ya fahimci kowace kalma, kuma mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana rubuta gargaɗi a allo ba ya raina gargaɗi. Ya danna. Wani abu ya sauka ya zauna a cikin kwamfutar, wani koren layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama, sunayen ajiyarsa suna wucewa. Da ya gama sai ya jero guda arba'in da ɗaya da jan rubutu. Ya ce waɗannan sun kamu, kuma za su shafa wa sauran. Magani yana nan, a sa lambobin katin banki.

Na goma sha bakwai a jerin, Inna.

Katin fanshonsa a wajen Ummusalma yake, cikin wata langa a ƙasan kabad, tun wata shekara da ya manta shi a aljihu aka wanke. Ya same ta a gindin turmi tana tsinkar zogale.

"Ummu, ba ni katin nan."

"Wa ke son shi?"

"Likitan kwamfuta."

"Shi shigo in gan shi."

"Cikin kwamfutar yake."

"To shi hito." Ba ta ko ɗaga kai ba. "Wanga likita, Malam, wa ya kira shi?"

"Ba a kira shi ba. Cuta ya gani ya yi magana. Wanda ya ce maki gidanki na cin wuta, sunan ubanshi za ki tsaya tambaya?"

"In ya ce sai na ba shi makullin ɗaki kahin shi kawo ruwa, ina tambaya hwa. Har na kakanshi."

"Katina na ko naki?"

"Naka na. Langar ce tawa."

Shekara talatin da takwas suna tare, ya san in ta yi wannan muryar ko limami ba ya karɓar abu a hannunta. Ya koma ɗaki yana huci. Garkuwar tana nan tana ƙiftawa, jerin yana nan ja. Ya zauna ya dube shi, sai malamin makaranta ya ja gefe, manomin albasa ya taso. To, in babu magani, ai akwai tsinta. Wa ya taɓa ba ruɓaɓɓiyar albasa magani? Fitar da ita ake yi a ceci sauran.

Ya ɗauko takarda ya kwafe sunayen arba'in da ɗaya da jan bironsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, yana soke suna. Babin kakansu mai rijiya ya tafi. Hoton auren ƙanwarsa ya tafi. Ya tsallake na goma sha bakwai, ya gama da sauran, ya dawo kansa.

Ya yi azahar ya dawo ya zauna. Ransa ya ce ya saurara sau ɗaya na ƙarshe, sai ya tuna ba a fasa ruɓaɓɓiya a cikin rudu, ruwanta ne ke kashe na kusa. Ya ga kamar yana buɗewa cutar za ta watsu cikin sauran tarihin, cikin sunayen mutum ɗari uku da ya sha rana yana tarawa, amanar dangi gaba ɗaya. Ya ji muryar Malam Alu kamar yana tsaye a bayansa. Ana kiran la'asar ya ce bismillah ya danna. Sannan ya shiga kwandon sharar kwamfutar ya zubar da shi ma, domin ba a ajiye ta a bakin rudu.

Ya share fuska, ya sa garkuwar ta sake dubawa, yana jiran ya ga fari tas.

Koren layin ya rarrafa ya tsaya. Sittin da uku sun kamu.

Ya matso kusa ya sake karantawa. Ya san aikinsa. In an tsince rudu wari raguwa yake, ba ƙaruwa ba. Ya buɗe sabon shafi ya rubuta kalma uku, ya ajiye, ya sake dubawa. Sittin da huɗu, har da shafin da bai yi minti biyu a duniya ba.

Kwana uku yana fama shi kaɗai bai gaya wa kowa ba. Ya kunna ya kashe, ya cire batir ya mayar, garkuwar tana nan tana kuka tana neman kati. Tuwo ya koma yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Maƙwabci ya aiko a zo a duba masa rudu, ya ce a ce ba ya jin daɗi. Ranar Juma'a ya dawo masallaci, bai shiga ɗaki ba, ya zauna a dakalin ƙofar gida yana kallon awaki. Ummusalma ta leƙo ta gan shi, ta koma ta ɗauki 'yar wayarta ta kira Maiyama.

Washegari da safe Maccido ya iso a kan babur, yana sallama tun daga bakin titi.

"Ina mara lahiya? An ce mani amaryar ta yi yaji."

"Wace amarya?"

"Wagga da ka ɗinka ma riga ka hana mu gani. Ɗauko ta mu kai ta Jega, akwai mai sulhu."

Malam bai da ƙarfin ramawa. Ya sa kwamfutar a jaka ya rungume, ya hau baya.

Mai sulhun Hamida ce, tana da shago kusa da tasha inda ake buga takardu da gyaran wayoyi da kwamfutoci. Mace ce mai 'ya'ya huɗu, ta yi suna a Jega da haƙuri da na'ura da rashin haƙuri da masu taya aiki. Tana ganin wanda ya shigo ta tashi ta rusuna, domin shi ya koyar da ita a aji huɗu. Ta ba shi kujerarta, ta kunna kwamfutar, garkuwar ta yi kukanta. Hamida ta yi tsaki.

"Baba Malam, kun sa mashi lambar kati?"

"An hana ni."

"Wanda ya hana ku, ku saya mashi tsire. Da sun kwashe abin da ke ciki tas. Wanga ba likita ba na, shi na cutar. Rigar mai gadi ɓarawo ya sa. Ba ya duba komi, sunayen ajiyarku kawai yake karantawa shi shafa masu ja, don ku tsorata ku biya. Ko sabuwar kwamfuta anka kai mashi daga kwali, sai shi ce ta kamu."

"To waɗanda ya ce sun ruɓe?"

"Lahiyarsu lau. Ina suke?"

Malam ya ciro takardar daga aljihu ya miƙa mata. Ta bi jerin sunayen da jan layi a kan kowane, ta ɗago ta dube shi.

"Da hannunku kunka goge?"

"Da hannuna."

"Kun buɗe ko guda kun ga ta lalace?"

Ko guda bai buɗe ba. Shi da ba ya yarda da maganar mai rudu sai ya sunsuna da kansa, shi da yake danna wuyan kowace albasa da babban yatsa kafin ya yanke mata hukunci, ya jefar da arba'in da ɗaya a kan maganar baƙon da bai yi sallama ba.

Maccido ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Wayyo Allah! Sarkin hanci! Mutumin da ke jin ruɓa daga bayan danga! Aradu sai na ba da wanga labari kasuwar hatsi, sai na..." Ya karɓi takardar yana karantawa da ƙarfi don ya ƙara daɗin tsiya. Ya kai na goma sha bakwai. Ya tsaya.

"Wagga Inna, wace Inna?"

Malam yana kallon ƙasa.

"Akwai wani wuri da ka aje ta?"

Ya girgiza kai.

Maccido ya ninke takardar a hankali ya ajiye a kan tebur. Tun suna yara ba a taɓa ganin bakinsa ya mutu a gaban Safiyanu ba sai ranar. Ya fita waje, ya daɗe, ya dawo da ruwan sanyi ya ajiye a gaban ɗan'uwansa.

Hamida ta sallami sauran masu jira ta ce su dawo gobe. Ta fara fitar da ɓarawon, wanda ya yi saiwa a wurare da yawa kamar muguwar ciyawa. Sannan ta shiga neman abin da aka goge. Ta ce abin da aka share a kwamfuta kamar sawu ne a kan rairayi, yana nan muddin ba a taka wurin ba. Har la'asar tana aiki. Babin kakansu ya dawo. Hoton auren ya dawo. Talatin da shida suka dawo lafiya, huɗu suka ɓace, ba su dami Malam ba don yana da su a littattafan rubutu. Ta bar Inna a ƙarshe.

Ta danna. Muryar tsohuwa ta cika shagon, tana ba da labarin jakin da ya kawo ta daga Danwarai ya ƙi tsallake rafi. Maccido ya rufe fuska da hula. Minti goma sha biyu tana magana, tana tsakiyar shekarar fara, sai muryar ta karye ta koma shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano.

"Kwana ukkun da kunka yi kuna kunnawa," in ji Hamida, muryarta ƙasa-ƙasa, "shi kuma wancan yana ta rubuce-rubucenshi ciki. An taka wurin, Baba. Ku yi haƙuri. Amma ai an samu da yawa."

"An samu da yawa," in ji Malam. "Allah shi yi maki albarka." Ya gode mata sosai, ya tambayi yaranta ɗaya bayan ɗaya. A shagon ba wanda ya san abin da ke minti na ƙarshe, don haka ba wanda ya san bai samu komai ba.

Rana ta yi sanyi suka iso gida. Maccido ya sauke shi ya juya, ko ruwa bai tsaya sha ba. Malam ya shiga ya sami Ummusalma tana kwashe shanyar gabu, busasshen ganyen albasa. Ya zauna a kan turmin da aka kifar, jakar tana cinyarsa.

"Ummu, ke ad da gaskiya. Ɓarawo na."

"To, Allah ya tsare."

"Bai tsare duka ba." Ya shafa jakar. "Na jefar da Inna. Da hannuna. An samo farkon, ƙarshen ya tafi. Akwai wani abu da ta ce a ƙarshen..."

Ummusalma ta ajiye faifan. Ta tsaya tana dubansa kamar mai auna wani abu, sannan ta shiga ɗaki. Ta fito da 'yar wayarta mai madannai, wadda aka ɗaure bayanta da roba don murfin ya fashe. Ta daɗe tana latsawa, ta ajiye ta a kan jakar.

Da farko kukan kaza aka ji, da dakan maƙwabta daga nesa. Sai muryar Inna, can ciki, kamar daga bayan labule, tana faɗin jakin da ya ƙi tsallake rafi.

Malam ya ɗago. "Ina kika samu wanga?"

"Bakin tagarka. Wata Juma'a, shekara biyu ke nan." Ta juya masa gefe tana gyara ɗankwali. "Kai ka rufe ƙofa da uwarka awa kai ɗai ka yi rashi. Ni na yi shekara talatin da wani abu ina dama mata fura. Ita ta karɓi haihuwata duka. In roƙe ka, ka ce sai littafi ya ƙare. Sai na ɗora waya ga taga na koma wankina."

"Har ƙarshe?"

"Ka saurara mana."

Suka zauna. Shekarar fara ta wuce, sunayen matan daka suka wuce. Aka ji dariyar Inna, aka ji shirun. Sannan, a hankali, "Safiyanu."

Kafin ta ce a kashe abin, sai wata murya ta shigo, kusa da taga, ta fi tata ƙarfi, muryar dattijo tana rawa: "Na'am, Inna." Sai jan hanci.

Malam ya sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Bai san yana amsawa da ƙarfi ba. Duk Juma'ar duniya yana amsawa, yana zaton a zuci ne.

"Wa ya ji wanga?"

"Ni ɗai."

"Ke da ba ki taɓa faɗin sunan nan ba, kina yawo da shi cikin lalita shekara biyu."

"Ni ban hwaɗa ba. Waya ta hwaɗa."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, wannan karon bai ɗora wa albasa ba. Da ya natsu ya ce gobe zai koma wajen Hamida ta juye, ta kuma yanke wancan wurin da wani sakarai ya sa baki.

"A'a," in ji Ummusalma. "Uwa ta yi shekara sittin kahin ta kira ɗanta, ya amsa, sannan a yanke amsar? In za a yanke, ba ni wayata."

Ba a yanke ba. Hamida ta juye shi a filashi biyar. Malam da kansa ya hau mota ya kai ɗaya Danwarai wajen dangin Inna, ɗaya Maiyama, ɗaya ya bari a Jega, ɗaya ya aika wa babbar 'yarsa Humaira. Na biyar yana cikin langa tare da katin. A kowane gida sai ya ce ajiya ce ya kawo, iri ne, kada a bar shi ya kwana tukunya guda. Sannan ya tashi da sauri kafin a kunna.

Bai tsira ba duk da haka. Har yau in Maccido ya hango shi a kasuwar Jega, sai ya ɗaga murya daga cikin buhunan gero ya ce, "Safiyanu!" sannan ya maƙale murya ya amsa wa kansa, "Na'am, Inna." Malam ya ɗaga masa jan biro kamar zai jefe shi. Amma mutanen Maiyama sun ce a gidan Maccido ma ana tura ƙofa wani lokaci, kuma shi ba ya noman albasa balle ya samu abin fakewa.

Littafin bai ƙare ba tukuna. Ana ci gaba da aiko wa Malam ya duba rudu, yana zuwa, sai dai yanzu in mai rudu ya nuna masa wata ya ce wannan ta tafi, yakan karɓa ya juya ta, ya danna wuyanta, ya kai hanci, ya daɗe. Wani lokaci ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta.

Ranar Juma'a in ya dawo masallaci yana shiga ɗaki kamar kullum, amma ƙofar a buɗe take. Ummusalma takan shigo da faifan zogalenta ta zauna a tabarma. Kajin cikin lasifika suna kuka, na tsakar gida suna tanka musu. In an zo wurin, tsohuwar ta kira, sai a ji na'am biyu, ɗaya daga cikin na'ura, ɗaya daga kan kujera.